Yadda ake gano abin da ke sa jar fitilar baƙin mai kamawa a tsohuwar mota

Duk cikin fitilun da ke kan dashbod babu mai haɗari kamar jar nan mai siffar 'yar buta. Ta batir in ta kama kana iya lallaɓawa ka isa gida. Ta cek injin kuwa akwai masu shekara da ita a kunne suna ta harkarsu. Ta baƙin mai ba haka take ba. In gaskiya ta faɗa, 'yan mintuna ne tsakaninka da bugawar inji. Sai dai ba kullum take faɗin gaskiya ba, kuma a nan ne ake tafka asara ta fuska biyu. Wani ya raina ta, ya ci gaba da tafiya har inji ya buga. Wani kuma a tsorata shi, a sauke masa lafiyayyen inji, alhali ɗan suwic ne da bai fi babban yatsa ba ya lalace.

Motocin da yawancinmu ke hawa a Legas sun sha hanya tun kafin su sauka a tashar Apapa ko su shigo ta Kwatano: Camry da ake ce wa Tiny Light da Big Daddy, Honda EOD, Corolla, Sienna, Golf 3, Sharan, da tsofaffin Marsandi. Don haka wannan matsala ba baƙuwa ba ce a garejojin Agege, Idi-Araba da Mile 12. Abin da nake so mai mota ya riƙe shi ne, kada a sayi babban kaya, kada a kwance inji, sai an sa agogo an auna. Ana farawa daga abin da ba ya cin ko kwabo, a bi a hankali zuwa mai tsada.

Me fitilar ke lura da shi?

Da yawa sun ɗauka fitilar tana nuna mai ya ragu ne. Ba haka ba ne. Ƙarfin da ake tura mai da shi cikin hanyoyin inji take lura da shi, wato firesha. Mai yana iya cika geji, wato sandar auna mai, fal amma firesha babu. Wasu motocin Turai suna da wata fitila daban, ruwan ɗorawa, ta yawan mai. Ba ita muke magana a kai ba.

Man yana kwance ne a kaskon ƙasan inji, botom filet. Famfo ya zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi ta cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kai da na konrod, ya hau sama wajen kamshaf da tafet, sannan ya tsiyayo ya koma kasko. Famfo turo mai kawai yake yi. Matsatsin da man ke ratsawa shi ke haifar da firesha. Dubi mai wankin mota da tiyo a hannu: in ya danne bakin tiyon da yatsa ruwa ya fita da ƙarfi, in ya saki sai ya riƙa zuba a sanyaye, alhali famfon bai canza ba. A lafiyayyen injin ƙaramar mota, tazarar da ke tsakanin metal da kiranshaf ba ta wuce kimanin milimita 0.02 zuwa 0.06. In shekaru suka cinye metal tazarar ta buɗe, mai ya riƙa zurarewa, firesha ta faɗi ko da famfon sabo ne dal.

Wani abu kuma da ya kamata a sani: suwic ɗin da ke kunna fitilar a yawancin motoci ba ya motsi sai firesha ta sauko ƙasa sosai, wajen psi 3 zuwa 7 (psi ma'aunin firesha ne). Ke nan fitilar ba gargaɗin farko ba ce, na ƙarshe ne.

Mataki na farko: tsaya ka kashe

In ta kama kana cikin tafiya kuma ta tsaya a kunne, ka nemi gefe ka kashe injin nan take. Ko a kan gadar Third Mainland ne, ko tsakiyar titin Ikorodu, ka sa sigina ka sauka gefe, ka ajiye alamar tsayawa a bayan mota. Na san tsayawa a irin waɗannan wurare ba daɗi, amma kuɗin janwe ba ya kusa da kuɗin inji. In har da ƙara a ciki, kwas-kwas daga ƙasan inji ko kacau-kacau daga sama, kada ka sake murza makulli ko da na gwaji ne.

Mataki na biyu: geji

A duba mai a daidaitaccen wuri. Motar da taya biyu ke kan kwalbati biyu ke kan titi, kamar yadda ake fakin a lungunan Mushin, ba za ta ba ka awon gaskiya ba. Bayan an kashe inji a jira kamar minti 5 man ya gama komawa ƙasa. A zaro geji, a goge da tsumma, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. A yawancin ƙananan motoci tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ne.

In man yana ƙasa da alama ko ma bai taɓa geji ba, ka ƙara, ka tayar, ka zuba wa fitilar ido. Ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku kuma babu baƙon ƙara, to ka auna arziki. Sai dai aikin bai ƙare ba, don mai ba ya ɓacewa haka kawai. Ko yana yoyo, ko inji na ƙona shi. Duba ƙasan inda kake kwana da mota, duba salansa ko yana fitar da shuɗin hayaƙi. Injin 2AZ-FE na Camry ƙirar 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan mai saboda matsalar ringin fistin, mai irin wannan mota duba geji duk mako ya zame masa dole.

Mai ya wuce alamar sama shi ma matsala ne. Kiranshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, famfo kuma ba ya iya tura kumfa da ƙarfi.

Kada ka tsaya a yawansa kawai, ka dubi man kansa. Ɗiga shi a yatsa ka murza, ka shinshina. In ya tsinke kamar ruwa kuma yana warin fetur, fetur ne ke gangarawa cikinsa, daga nozul mai zuba, ko fulogin da ba ya ƙonewa, ko kafireto mai ambaliya a tsofaffin motoci. In ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ko gasket ɗin top silinda ya ƙone, ko kuma motar ta ratsa ambaliya, abin da duk mai tuƙi a Legas da damina ya san shi. Sannan ka kai gejin cikin rana ka karkata shi. Ganin ƙananan abubuwa masu ƙyalli a cikin man mummunan labari ne, garin metal ne.

Daga nan ka buɗe murfin da ake zuba mai, ka haska ciki da fitilar waya. Lafiyayyen inji za ka ga ƙarfe mai ruwan zuma ko ɗan ja-ja. In ka ga baƙin daskararren abu ya lulluɓe ko'ina, ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa a maganar rariya.

Mataki na uku: yaushe take kamawa?

Wannan tambaya kyauta ce, amma amsarta tana rage rabin aiki, kuma kai mai mota ne kaɗai ka san ta. Kafin ka je gareji ka tuna da kyau.

In sai ka taka birki da ƙarfi ko ka sha kwana take ƙyaftawa, yawanci mai ne ya yi ƙasa, yana gudu gefe guda ya bar bakin bututu a iska. In da safe ne take daɗewa kafin ta mutu, tare da ɗan kacau-kacau na daƙiƙoƙi, a fara zargin filta, domin filta mai kyau tana da wata roba da ke hana mai tsiyayewa ya koma kasko cikin dare. In tana kamawa ne lokacin da ka taka totur a kan babbar hanya amma a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, lafiya lau, to hanyar zuƙo mai ta toshe. In kuma ba ta da ƙa'ida, yau ta kama bayan an wanke inji, gobe ta kama da ka faɗa rami, ka fi karkata ga waya da suwic.

Wadda ta fi yawa a garin nan ita ce wannan: da safe mota ƙalau, an yi tafiyar awa guda, an shiga cunkoson Oshodi ko hanyar Apapa, rana ta take, AC na kunne, ƙafa na kan birki, sai fitilar ta fara ƙyaf-ƙyaf. Ka ɗan taka totur ta ɓace. Dalili shi ne a wannan lokacin man ya yi zafi iyakar zafi ya tsinke, famfo kuma yana juyawa a mafi ƙarancin gudunsa. Duk wani rauni da inji ke ɓoyewa a nan yake fitowa. Yana iya zama suwic ne ya gaji, yana iya zama man ne bai dace ba, yana iya zama metal ne. Da ido ba a rarrabe su.

Mataki na huɗu: suwic da wayarsa

Suwic ɗin yana jikin bulok, galibi kusa da filta, da waya ɗaya a kansa a yawancin Toyota da Honda. Ka fara da murza makulli ba tare da ka tayar ba. Dole fitilar ta kama. In ba ta kama ba, ko kwan ya mutu, ko wani ya taɓa cire wayar, kuma wannan abu ne da ya kamata duk mai sayen tsohuwar mota ya duba tun a wajen ciniki.

Da makulli a kunne, inji a kashe, zare wayar daga kan suwic. Fitilar ta mutu, waya lafiya. Ta ci gaba da ci, to wayar ta goge wani wuri tana taɓa bodi, aikin mai wayarin ne. Ka leƙa cikin soket ɗin kuma. In ka ga mai a ciki, suwic ya fashe ta ciki, a canza shi.

Masu Volkswagen irin Golf 2 da Golf 3 su lura, nasu tsarin daban ne. Suwic biyu ne, ɗaya na ƙaramar firesha, ɗaya na babba wanda ake duba shi in inji ya haura juyi 2,000 a minti, har da ƙararrawa. Kowanne da lambarsa a jiki. In aka musanya su ko aka sa wanda lambarsa ba ta dace ba, mota za ta yi ta kuka alhali lafiyarta ƙalau.

A nan ne ake yawan yi wa mutane gyaran gangar auzinawa. Za ka ji an ce, "Alhaji, ba komai ba ne, irin motar nan haka take yi, bari a cire wayar ka huta." Kada ka yarda ko da wasa. Amsar da za ka bayar ita ce, "Oga, mu sa agogo tukuna." Ko canza suwic ma, duk da arahar sa, ban yarda a tsaya a kansa ba. Sabon suwic yana iya kashe fitilar don kawai shi sai firesha ta fi haka faɗuwa yake kamawa, cutar kuma tana nan.

Mataki na biyar: agogon awo

Wannan shi ne zuciyar aikin. Agogo ne mai allura da dogon tiyo da kawuna kala-kala, ba ruwansa da lantarkin mota. Ana samun sa wajen masu sayar da kayan aikin makanikai a Ladipo ko kasuwar Trade Fair, kuma garejin da ya amsa sunansa ya kamata a ce yana da shi. In makanikinka ba shi da shi kuma ya ƙi nemowa, ka nemi wani don wannan aikin kaɗai.

A bar inji ya huce. A zare waya, a kwance suwic, a ɗaura kan agogon a gurbinsa. A yi hattara da zaren noti. Na Toyota da Honda shi ne wanda ake kira 1/8 BSPT, yana kama da na Amurka, 1/8 NPT, amma ba ɗaya ba ne. Na Volkswagen kuma M10x1. A fara ɗaurawa da hannu. In ya yi zagaye ɗaya ko biyu ya cije, ba nasa ba ne, kada a tilasta shi da sifana, don jikin yawancin injinan nan alminiyam ne, yana tsagewa. A janye tiyon daga fanka, bel da bututun salansa.

Mutum ɗaya ya tayar, ɗaya ya tsaya kan agogo. In daƙiƙa 5 suka wuce allura ba ta motsa ba, a kashe. Ba sauran gwaji, sai sauke kasko. In ta tashi, a rubuta lambar farko, ta inji mai sanyi. Yawanci za ta yi sama, psi 40, 50, 60 ko fiye, don man yana da kauri. Wannan lambar tana yaudarar mutane ƙwarai. An ga allura ta haura sai a ce ai inji garau yake, a kwance agogo. Ba a yi komai ba tukuna.

A bar inji ya yi zafi na gaske. Ruwan lagireto yana rigan baƙin mai ɗaukar zafi, saboda haka allurar zafi ta kai tsakiya ba ya nufin man ya kai. A jira fanka ta tashi ta mutu aƙalla sau biyu, a ƙara minti 15 ko 20 a kai. Sannan a rubuta lambar silo, da ta juyi 2,000, da ta 3,000. In motar otomatik ce, a ja birkin hannu, a taka birki, a sa ta a D, a kunna AC, a sake karantawa. Wannan shi ne yanayin cunkoso, inda fitilar ke kamawa. A dubi silon kansa ma. Injin da ke rawa a ƙasa da juyi 600 firesharsa za ta yi ƙasa, wani lokaci gyara silo kaɗai ke kashe fitilar.

Wasu agogunan da psi suke nunawa, wasu da bar. Bar ɗaya psi 14.5 ne. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ita ce aƙalla psi 10 a kowane juyi 1,000, wato a 3,000 kada ta gaza 30. Amma littafin injin shi ne alƙali. Misali, injin 5S-FE na Camry 2.2, Toyota ta ce aƙalla wajen psi 4 a silo, da 36 zuwa 71 a juyi 3,000. Volkswagen na zamanin Golf 3 tana neman aƙalla bar 2 a juyi 2,000, man yana da zafin digiri 80. Tsofaffin Marsandi irin V-boot, masu agogo a dashbod da ke ƙarewa a 3, allurarsu tana iya saukowa sosai a silo in inji ya yi zafi, amma da an taka totur dole ta haura nan da nan. A ganina dai, injin da ke nuna psi 5 ko 6 a silo, ko littafi ya ce ya tsallake, ya fara gajiya, a sa masa ido.

Yadda ake fassara lambobin

In duk lambobin sun yi kyau amma fitila na kamawa, ka gode wa Allah, suwic ne ko waya. A sa suwic mai kyau, a rufe bonet.

In da sanyi tana sama, da zafi a silo ta faɗi ƙasa warwas, amma tana bin totur tana hawa, wannan hoton tazara ce da ta buɗe, ko mai da ya tsinke, ko famfon da ya ci. In a silo ba laifi amma da an taka totur ta hau kaɗan ta tsaya, ko ma ta fara saukowa, famfo ne ke jin yunwa: rariya ta toshe ko kasko ya lotsa. Allurar da ke rawa tana sama da ƙasa iska ce ke shiga, ko daga ƙarancin mai, ko daga robar da ke bakin bututun zuƙo mai. In kuma da sanyi da zafi, a silo da a totur, duk ƙasa take, a duba bawul ɗin rage firesha da ke jikin famfo, mai yiwuwa ya maƙale a buɗe, ko kuma famfon ya gama aiki.

Mataki na shida: juye da filta, sannan a sake aunawa

In firesha ta yi ƙasa amma ba ta mutu ba, babu ƙara, babu ƙyalli a mai, to a yi juye kafin a taɓa komai. A zuba man da littafin motar ya ce, daga wurin da aka amince da shi, a jarka mai hatimi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba wanda zai iya rantse maka a kan abin da ke ciki. Filta ma haka. Jabun filta sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu da fentinsu sak na asali, amma takardar ciki 'yar kaɗan ce, tana iya murƙushewa ta tare hanya. Araha ba ta ado a nan.

Tsohuwar filtar kada a jefar. A yanka gwangwanin, a warware takardar a rana. Duk abin da inji ya zubar yana nan a lunguna: garin ƙarfe fari, ko ja-ja irin na tagulla, ko gutsattsarin baƙin datti. A tace tsohon man ma ta farin tsumma. Bayan juye a maimaita awo da zafi, a kwatanta da lambobin da aka rubuta.

Bari in ɗan ratse a nan kan wata al'ada da ta zama ruwan dare: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta shigo ƙasar, wai don garinmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa kwamfutarsa tana ci gaba da ba shi fetur da yawa, rarar fetur ɗin tana wanke jikin silinda ta sauka cikin mai, danshi kuma ba ya ƙonewa ya fita. Ga mai ya tsinke, ga datti na taruwa. Haɗa wannan da awannin da inji ke yi yana aiki a cunkoso ba tare da kilomita na ƙaruwa ba, za ka ga dalilin da ya sa a Legas bai kamata juye ya wuce kilomita 5,000 ba in man gama-gari ne.

Mataki na bakwai: sauke botom filet

In juye bai canza lambobin ba, sai a shiga rami. Tun kafin a kwance a dubi kaskon daga waje. Tazarar da ke tsakanin gindinsa da bakin rariya 'yar kaɗan ce. Dutse ko bakin rami ya buge shi, ko yaron gareji ya sa jak a ƙarƙashinsa, ya lotsa ciki ya toshe bakin bututu.

Da an sauke, a dubi abin da ya kwanta a gindin kaskon, sannan a kwance bututun a ɗaga rariyar sama a kalli haske ta cikinta. Na sha ganin rariyar da ko ɗigon haske ba ya ratsa ta, ta cushe da baƙin datti mai tauri, da wasu dogayen zaruruwa ja ko toka-toka masu laushi. Zaruruwan nan gam ɗin silikon ne da wani ya lafta fiye da kima a aikin baya, rarar ta matso ciki ta yanke ta bi mai. Injin 1MZ-FE mai silinda shida na Camry da Sienna, da 1.8T na Passat da Audi, an san su da tara irin wannan datti in ana jinkirta juye. A jiƙa rariyar a fetur, a goge da buroshi, a hura da iska har ta yi tas. A sa sabuwar roba ko gasket a inda bututun ke haɗuwa da famfo, a duba ko bututun ya tsage. Wajen mayar da kasko a shafa gam siriri.

Ban goyi bayan a zuba kananzir ko gas a cikin inji a tayar da sunan wanki ba. Dattin da ya shekara a manne zai ɓalle gaba ɗaya, kuma rariyar ce zai tarar. In inji ya yi datti sosai, a kwance kasko da murfin sama a wanke da hannu, sannan a riƙa juye kusa-kusa.

Mataki na takwas: metal da famfo

Tunda kasko na ƙasa, a buɗe murfin konrod ɗaya ko biyu da na babban metal ɗaya, a yi musu alama don kowanne ya koma gurbinsa da fuskarsa. Lafiyayyen metal fuskarsa toka-toka ce sumul. In ja na tagulla ya bayyana, ko akwai zane-zane, ya ci. A ja farce a kan wuyan kiranshaf. Farce ya maƙale a wani layi, sai an kai shi wajen masu injin yanka, a rage shi da milimita 0.25 ko 0.50, waɗanda ake kira 010 da 020, a sa metal daidai da yankan. Akwai wani siririn zaren roba mai suna Plastigauge da ake ɗorawa a wuyan, a ɗaure murfi, a buɗe, faɗin da ya baje ya nuna tazarar. Ɗaurin nan kuma da sifana mai awon ƙarfi ake yi, ba da ƙarfin damtse ba.

Famfo kuma a buɗe shi a dubi haƙoransa da murfinsa ko sun zane, a auna tazararsu. A ciro ɗan fistin bawul ɗin rage firesha da sifirin ɗinsa, a tabbatar yana shiga yana fita ba cijewa. Wasu suna cusa wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, a bayan sifirin don wai firesha ta ƙaru. Wannan lambar sama kawai yake ɗagawa. A silo da zafi bawul ɗin a rufe yake tun asali, don haka ba abin da wasa zai ƙara a daidai inda matsalar take. In za a sa sabon famfo a cika shi da mai kafin a ɗaura, kada ya fara juyawa a bushe.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne a tsallake duk matakan nan a ce kawai "famfo ne". Famfo yana wanka cikin mai duk rayuwarsa, ba ya saurin mutuwa kamar yadda ake zato. A sa sabo a kan metal da ya ci, bayan mako guda fitila ta dawo.

Maganar mai mai kauri

Tabbas za a ba ka shawarar 20W-50, ko a ce ka ƙara maganin nan mai danƙo. Gaskiya ne allura za ta ɗan hau. A tsohon inji marar VVT-i wanda awo ya nuna ya ɗan gaji, hawa mataki ɗaya na kauri dabara ce da za ta iya ba ka watanni kana tara kuɗin aiki, ban ga laifinta ba in an san abin da ake yi. Amma ba ta mayar da ƙarfen da ya cinye. A injinan VVT-i da i-VTEC kuwa, waɗanda ke amfani da mai wajen sarrafa taimin ta ƙananan ƙofofi, mai mai kauri sosai yana jinkirin isa sama da safe, yana iya jawo wata sabuwar matsalar. In inji ya riga ya fara kwas-kwas, babu man da zai yi masa magani.

In ta tabbata metal da kiranshaf sun tafi, zaɓi biyu ne: a gyara wanda ke ciki, ko a sayo na tokumbo. Gyara yana kyau in akwai mai yanka na ƙwarai da kayan asali, kuma dole a wanke duk hanyoyin mai na cikin bulok da kiranshaf, don garin ƙarfen da ya maƙale a ciki zai cinye sabon metal. In Ladipo za a nufa, ka tafi da makanikinka. A buɗe murfin sama a ga tsabtar ciki, in mai kaya ya yarda a sauke kasko a ga rariya, a kuma rubuta kwanakin gwaji a rasit. Ranar da aka ɗora injin, kafin a sa suwic, a ɗaura agogon nan, a bar shi ya yi zafi sosai, a karanta silo da 3,000. In lambobin ba su kai ba, a mayar da shi tun kwanakin gwajin ba su ƙare ba.